Madatsar Magajin Rafi Tunau

A zamanin Sarki Dagazau na Birnin Tumbaza, zamanin da mutum kan waiwaya sau biyu kafin ya gai da maƙwabcinsa, an yi wani basarake da ake kira Magajin Rafi Tunau. Sarautarsa ba ta yaƙi ba ce, ba ta kuma kusa da kunnen Sarki. Abin da ya gada wurin ubansa, uban kuma wurin nasa uban, wata madatsa ce ta ƙasa da suka gina da hannunsu a kan ƙoramar da ke shigowa birni ta arewa, a cikin ganuwa. Tafkin da ke bayanta na gidansu ne, ba na fada ba, amma rabin birni a kansa yake rayuwa. Da rani masu lambu su kafa jigo a bakinsa, makiyaya su shayar, magina su kwaɓa tubali, masunta su fid da tarwaɗa. Marina kuwa, da unguwarsu ke kwance daidai ƙarƙashin madatsar, daga nan suke cika karofinsu.

Tunau bai da faɗa, amma a kan madatsar nan ba ya jin kunyar kowa. Ba a kafa turke a kanta, ba a barin itace ya tsiro, ba a bi ta kanta da shanu. Ciyawar jema kaɗai ya yarda ta lulluɓe ta, don saiwarta ta riƙe ƙasa. Kowace safiya yakan sauka gindinta da 'yar ƙwarya, ya ɗebi ruwan da ke tsattsafowa ya ɗaga ya duba. In ya ga garau yake, sai ya yi hamdala ya zubar. Can gefen yamma kuma akwai makwarari da kakansa ya sassaƙa a kan dutse, inda ruwa in ya yi yawa yake zubewa, ya bi ta ƙarƙashin ganuwa ya fita fadamar yamma. Mutanen fada suna yi masa dariya, wai basarake guda da rawani yana tsugunne yana leƙen ƙwarya kamar mai sayen nono.

Ana cikin marka, gero ya fara fid da kai, sai ga manzo daga kan iyaka ya faɗo fada, dokinsa na kumfa. Ya ce Sarkin Dumar ya ɗaura yaƙi, ya rantse sai ya yi wa Tumbaza ƙawanya har rani ya ƙone ta. Kafin azahar tambari ya tara majalisa.

Sarki Dagazau bai yarda da kowa ba, kuma yana da dalili, don yayansa da ya riga shi sarauta a hannun amintattunsa ya mutu. Shi ya sa yakan zauna shiru, amawali ya rufe masa baki, idanunsa kaɗai ke yawo a kan fuskokin mutane. Ranar nan ya bar su suka yi ta magana a kan rumbuna da kibau da ƙofofi, har Madawaki Barmo, shugaban mayaƙa, ya miƙe.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Madawaki, "ganuwarmu ba ta taɓa ba mu kunya ba, hatsi kuma muna da shi. Abin da ke kai birni ƙasa a zaman dirshan ƙishirwa ce. Ga shi kullum Allah yana ba mu ruwa, mu kuma muna kallo yana zubewa ta makwararin Magajin Rafi yana fita waje, ya je ya shayar da dawakin maƙiya. Shawarata a toshe makwararin nan yau, tafki ya cika ya ƙara cika, mu ga wanda zai riga gajiya, mu ko Dumarawa."

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiya ne! Madawaki ya faɗi magana!" Su ko cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe fartanya sai dai ya miƙa wa bawa.

Tunau ya miƙe. Ya matso ya zube ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, Zaki, a gafarce ni. Madatsar nan ƙasa ce, ba dutse ba. Kakana ya auna iyakar ruwan da za ta iya ɗauka, a nan ya yanka makwarari. In aka toshe shi a cikin marka, ruwa zai hau inda bai taɓa hawa ba, ya jiƙa ƙasar da ba ta san ruwa ba. Ranar da ta ɓalle kuwa, ba tafki kaɗai za mu rasa ba. Unguwar marina za ta tafi da mutanenta, ganuwar kudu ma ban ce za ta tsaya ba."

Madawaki ya yi wani murmushi da bai kai ido ba. Tun shekarar da Tunau ya hana bayinsa wanke dawaki a kan madatsa ba sa shan inuwa ɗaya. "Ikon Allah!" ya ce. "Shekara nawa tana tsaye, sai yau da Dumarawa ke tafe ta zama mai rauni? Ni dai tambaya nake, Allah ya ja zamaninka. Mahaifiyar Magajin Rafi, Inna Tasalla, 'yar wane gari ce?"

Kowa ya sani, Badumara ce, an auro ta tun tana budurwa, yau gashinta ya yi fari fat a Tumbaza. Galadima Nomau, dattijon majalisa, ya yi gyaran murya ya ce asalin uwa ba laifi ba ne, amma a hankali ya faɗa, kamar mai tsoron a ji shi.

Sarki ya dubi Tunau ya ce, "A toshe."

Aka toshe. Bayin Madawaki suka danƙare makwararin da yumɓu da ƙirare, suka tattake shi da ƙafa suna waƙa. Kwana tara ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, tafki ya hau, ya cinye lambuna, ya shanye gindin jigo, har ya zama saura kamu biyu ya leƙa bisa madatsa. Mutanen birni suna zuwa kallo suna ta sa wa Madawaki albarka.

A rana ta goma aka wayi gari da abin mamaki. Tururuwa ta fito daga jikin madatsar, layi-layi, ɗauke da ƙwanta, gafiyoyi kuma suna fitowa daga ramuka da rana tsaka suna gudu ba sa ko tsoron mutane. Labari ya kai fada, aka kira mai duba na Sarki. Ya baje yashi ya zana ya share, ya sake zanawa, ya ɗago ya ce bushara ce, haka rundunar Dumar za ta watse da kayanta a ka. Aka yi kabbara, aka ba shi riga.

Ana cikin murnar nan Tunau ya shigo, ƙafafunsa duk taɓo, riƙe da ƙwarya da hannu biyu. Dogarai suka so tare shi, Galadima ya yi musu alama suka bari. Ya ajiye ƙwaryar a gaban karaga.

"Ranka ya daɗe, a duba. Daga gindin madatsa na ɗebo shi yanzun nan."

Ruwan jawur yake, kamar kunun da aka dama da jar ƙasa.

"Shekara talatin ina ɗiban ruwan nan, garau nake ganinsa. Ruwa mai tsabta in ya tsattsafo ba komai, wucewa yake yi. Amma in ya fito da laka, to, cikin madatsar yake ci yana fitowa da shi. Gafiyoyin nan ba bushara suka kawo ba, Zaki, ruwa ne ya shiga ɗakunansu. Na haɗa ka da Allah a buɗe makwarari ko da kamu ɗaya ne, ko kuwa a kwashe marina daga ƙarƙashi."

"A kwashe marina," in ji Madawaki, yana jinjina kai, "birni ya ruɗe, mata su fita da kururuwa, Dumarawa kuma suna tafiyar yini guda daga nan. Dabara ta yi kyau! Laka kuwa, wa ya ga inda aka ɗebo ta? Ko ni sai in sa yatsa in dama ƙwarya. Allah ya ba ka nasara, abin da nake tsoro ɗaya ne. Mutumin da ya dage yana cewa za ta ɓalle, za ta ɓalle, shi ya fi kowa sanin inda zai soka mata dagi ta ɓalle."

Tunau ya gane an rufe masa kowace ƙofa, in madatsa ta tsaya maƙaryaci ne, in ta faɗi shi ya kayar. Ya dubi Galadima, Galadima ya sunkuyar da kai yana wasa da tasbaha.

Sarki ya sa aka matso da ƙwaryar, ya leƙa, ya ɗago. Wallahi a wannan lokacin Tunau ya zaci ya yarda, don ya ga shakka ƙarara a idonsa. Amma shakkar Dagazau ba ta da alƙibla, kowa take duka.

"Magajin Rafi," ya ce, "ban ce ka ci amanata ba, ban kuma ce ba ka ci ba. Ga hukuncina. Yau za ka kwashe iyalinka, da matanka da 'ya'yanka da tsohuwarka, ku tare a gidan da ya fi kusa da gindin madatsa. In kana da niyyar taɓa ta, ka san a kan wa za ta faɗo. Barde Cindo zai tsare makwarari da mashi. Duk hannun da ya taɓa toshiyar nan ba da izinina ba, a bakin ransa."

Fadawa suka ɗauki kirari, wai Sarki ya yi hukuncin da ba a taɓa jin irinsa ba. Gaskiyarsu, ba a taɓa ji ba.

Kafin la'asar an kwaso su. Inna Tasalla a kan jaki aka kawo ta, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Da aka sauke ta ta ɗaga kai ta dubi tudun ƙasar da ya tsaya a kansu ya tare rabin sama, ta dubi ɗanta. Ta zauna da uban Tunau shekara arba'in, ta san abin da jan ruwa ke nufi.

"Tunau, saboda ni ne, ko?"

"A'a, Inna. Saboda ni ne, da bakina da ba ya shiru."

"Kwana nawa za ta yi?"

"In an yi rana, ƙila bakwai. In aka sake ruwa mai ƙarfi, ban sani ba."

Ba a yi rana ba. Kashegari da hantsi tambarin yaƙi ya tashi, Dumarawa sun iso, mayaƙa duka suka hau ganuwa. Daidai lokacin hadari ya haɗo daga arewa baƙi ƙirin, ya sauka a kan duwatsun da ƙoramar ke fitowa, kamar da bakin ƙwarya. Tunau ya fita cikin ruwan ya zagaya gindin madatsa. Inda jiya yake tsattsafowa, yau ɓulɓulowa yake da kaurin hannun mutum, ja, har da tsakuwa. Ya hau sama ya ga tsaga ta buɗe a tsawon madatsar, ya zura sandarsa ta shige har rabi. Ya waiwaya ƙasa. Ga rufin gidan da 'ya'yansa ke ciki, ga gidajen marina a jere, hayaƙin girki yana fitowa ta wasu.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Amma ya sauka ya ɗauki galma ya nufi makwarari.

Barde Cindo yana tsaye a kan toshiyar, ya jiƙe sharkaf, dakaru biyu a bayansa. Da ya hango galmar ya gyara riƙon mashi.

"Magajin Rafi, kada ka sa ni abin da ba na so. Koma."

"Barde, zo ka ga tsagar da idonka."

"Ba a aiko ni duban tsaga ba. Wa ya sani ko kai ka yi ta? Wa ya sani ko ruwan nan alama ce da ka yi wa dangin uwarka alkawari?"

"To, ka sake ni in sare, in na gama ka soke ni. Ko ka soke ni yanzu, ka tsaya nan ka ji ƙarar da za ta yi. Amma ka sani, Barde, gidan ƙanwarka na uku ne daga nawa."

Tunau ya wuce ta gefen tsinin mashin, har ya ji ƙarfen ya shafi rigarsa, ya ɗaga galma ya kafta. Bai sara a tsakiya ba, don kada ruwan ya ƙwace gaba ɗaya ya tafi da shi. A gefen dutse ya fara, ya buɗe 'yar hanya kamar ta lambu, ya bar ruwan ya ci sauran da kansa. Yana sara yana jiran mashi a gadon bayansa. Mashin bai zo ba. Da ya waiwaya, Barde ya juya masa baya yana kallon gabas, kamar wanda aka kira daga nesa, dakarunsa ma haka.

Yumɓun ya narke, ƙiraren suka tashi, ruwa ya bi makwarari da ruri ya danna ta ƙarƙashin ganuwa.

Abin da Tunau bai sani ba, Dumarawa sun lura fadamar yamma ta tsane tun da aka toshe makwarari, sun kuma ga ramin da ruwa ke fita ta ƙasan ganuwa a bushe. Nan suka tara barade da 'yan lifida, suna shirin cusa dakaru ta ramin. Ruwan ya same su a tsakiyar fadama. Kafin su ankara dawaki sun nutse a taɓo har ƙirji, lifida ta sha ruwa ta yi nauyi, mahaya suna faɗuwa ba sa iya tashi. Madawaki Barmo, a faɗi gaskiya, jarumi ne, bai yi wata-wata ba ya sa aka buɗe ƙofar yamma. 'Yan baka suka yi ta zuba musu kibau daga kan ganuwa, shi kuma ya auka musu ta tudu. Kafin la'asar Sarkin Dumar ya bar tambarinsa da laimarsa a cikin taɓo ya tsere.

Tafki ya sauka kamu uku. Ɓulɓular ta ragu ta koma tsattsafe. Madatsa ta tsaya.

Da yamma aka kawo Tunau fada, hannuwansa ɗaure da igiya. Madawaki yana zaune kusa da karaga cikin sabuwar alkyabba, maroƙa sun shaƙe da kirarinsa.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Madawaki, "ga mutumin da ya rantse mana madatsa za ta ɓalle. Na aika an duba, tana nan tsaye daram, ko gida ɗaya bai jiƙe ba. Ya karya dokarka ana tsakiyar yaƙi, ya zubar da ruwan birni. In ba don Allah ya juya makircinsa a kan danginsa ba, da yanzu wani labari ake."

Galadima Nomau, yau kam, ya samu murya. "Zaki, a duba. Ruwan nan shi ya ba mu Dumarawa a hannu."

Sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Magajin Rafi, tambaya ɗaya. Da ka sare toshiyar, ka san Dumarawa suna cikin fadama?"

Tunau ya ga ramin da ke gabansa. In ya ce ya sani, za a tambaye shi wa ya gaya masa, shi da ke cikin ganuwa a tsare. In ya ce bai sani ba, nasarar ba tasa ba ce. Ya gaji da auna magana.

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Madatsa na gani za ta tafi da mutane."

"Ga ta kuwa a tsaye."

"Shi ya sa take tsaye, Zaki."

"Wa zai shaida maka?"

Tunau ya dubi Barde Cindo da ke tsaye jikin ginshiƙi. Barde ya riga ya gaya wa fada cewa ta bayansa aka zagayo cikin ruwan sama bai gani ba. In ya canza magana yanzu, kansa ne zai fara faɗuwa. Tunau ya kau da ido.

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce albarkacin nasarar yau ba za a zub da jini a fada ba. A warware rawanin, tafki ya koma hannun fada, iyalin su koma gidansu. Shi kuwa Tunau a fitar da shi ta ƙofar kudu kafin rana ta faɗi, in an sake ganinsa a ƙasar Tumbaza jininsa ya halatta.

"Ina da roƙo ɗaya," in ji Tunau, ana warware masa rawani. "A bar makwararin a buɗe har marka ta wuce, a cike tsagar da yumɓu a daddaka."

"Maƙiya sun tafi," in ji Sarki, "toshiyar ba ta da sauran amfani. Galadima, ka sa a yi yadda ya ce." Ya faɗi haka bai dubi kowa ba, har yau kuma ba wanda ya san abin da ke cikin zuciyarsa.

Hanyar ƙofar kudu ta cikin unguwar marina ta bi. Dogarai suka ja shi da igiya, kansa ba hula. Labari ya riga shi isa, wai ga wanda ya so ya sayar da birni da ruwansa. Mutane suka fito ƙofar gidajensu, masu hannu baƙi da shuni, mata da goyo, tsofaffi a kan tabarmi. Wasu suna tsaki, wasu suna jifa da ɓawon gyaɗa. Shi kuwa yana tafe yana bin gidajen da kallo ɗaya bayan ɗaya, katangu a tsaye, awaki a ɗaure, shanyar baƙi tana ɗiga a kan igiya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya kasa jin haushinsu.

A bakin wani zaure wata tsohuwa ta daina shara, ta dogara da tsintsiyarta, jikokinta biyu suna riƙe da zanenta. Da ya zo daidai ita ta tofa masa yawu a ƙirji.

"Maci amana! Allah ya isa tsakaninmu da kai!"

Tunau ya tsaya har igiyar ta miƙe. Ya dubi tsohuwar, ya dubi yaran, ya dubi busasshen daɓen zauren da take sharewa.

"Sannu da aiki, Iya," ya ce. "A gai da mutanen gida."

Dogari ya fizgi igiya, suka wuce.